Gaɗar da Na Zaɓa wa Mainassara

Masu karatu, kun ce in daina zagaye in faɗi abin da na yi wa Mainassara a filin lakwal, makarantar bokon garinmu. To ga shi. Ba na neman ku ba ni gaskiya, ban kuma yi nadama ba.

Ga wanda yanzu ya iske mu, sunana Habi, ɗiyar Rhissa mai raƙuma. Kakannina daga wajen Azagor suka gangaro suka zauna Dakoro. Shekara huɗu na yi a Senegal, a makarantar horar da malamai mata da ke bakin teku. Na dawo ƙarshen damina ta 1956 da akwatin ƙarfe guda da takalmi mai tsini wanda rairayin garinmu ya kashe cikin wata ɗaya. Aka ba ni ajin ƙanana. Shekarata ashirin da biyu, ban yi aure ba, garin kuma ba ya barin in manta.

Mainassara shi ne tafintan kwamanda. Duk abin da bakin Bahaushe ya faɗa a gaban Anasaran nan, ta bakinsa yake bi, a fili, kowa na ji. Dogo ne, yana sa farin kaki da jar dara, yana da keke da agogo. Duk zamana a Senegal muna rubuta wa juna da Faransanci. Ni na aika masa ashirin da bakwai. Shi ya aiko talatin da ɗaya, dukansu a kan shuɗiyar takardar biro, wato ofishin kwamanda, wadda duk Dakoro ta san daga inda take fitowa.

Sati na biyu da dawowata na bi ta gaban shagon Mutari tela, inda Mainassara da abokansa ke zaman shayi. Ɗangoggo, direban kamyo, babbar motar kaya, ya siranta murya kamar mace ya ce, "In na dubi teku da maraice, idanunka nike gani." Suka fashe da dariya. Maganata ce. Na rubuta ta a shekara ta biyu, ina zaune kan gadon makaranta, ina ganin kaina mai hankali.

Daga nan ta bazu. Masu jan ruwa a bakin rijiya, masu nama, matan da ke zuwa daga Mai Yara ranar kasuwa. Sunana ya koma Mai Teku. Mainassara ya zo zaurenmu ya rantse wa Baba cewa sace wasiƙun aka yi daga ɗakinsa. Baba ya yarda. Ni kuwa na san Mutari da Ɗangoggo ko sunansu ba sa iya karantawa da Faransanci. Mutum ɗaya ne a shagon nan zai iya juya wasiƙa zuwa Hausa, kuma aikinsa ke nan.

Inna ta yanke hukunci tun wata na farko. Wanda ya sa sunanki a kasuwa, shi zai rufe shi. Kawunnan Mainassara suka kawo goro cikin ƙwarya an rufe da faifai, Baba ya karɓa. Aka ce za a ɗaura aure ranar Juma'ar da ke bin bikin raba kyaututtuka na lakwal. Ƙwaryar tana bisa randa a ɗakin Baba, Inna na yayyafa mata ruwa kullum safe kada goron ya bushe.

Saura kwana goma sha biyu bikin, diraktan lakwal ya kira ni. Mutumin Dahome ne, shekararsa uku a Dakoro, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin nama ba.

"Madamuzel, kwamanda zai zo da matarsa," ya ce. "Manya za su yi wasan kwaikwayo. Ajinki waƙa. Ke za ki tsara ta."

"Wace iri?"

"Zaɓi naki ne. Ko irin ta maci, yara su jera su taka. Ko mai murya biyu irin wadda aka koya muku can. Ko ta gargajiya, madam tana son na gargajiya. Sharaɗi ɗaya. Ki rubuta kalmomin a kai biro kafin ranar, tafinta ya duba."

"Tafinta."

"Ƙa'ida ce. Bara a wani gari yara sun yi waƙar siyasa."

Na ce to. Na fito da kaye, littafin rubutuna, a hannu, rana na dukan kwanon aji kamar za ta narka shi.

A gida na iske Inna tana jera sababbin tasoshi a kan tabarma, tana gogewa da tsumma. Kayan ɗakina ne. Har da gadon ƙarfe an jingine a bango, ƙafafunsa naɗe da takarda.

"Ki zo ki diba," ta ce. "Daga Maradi anka kawo."

"Na gani."

"Ba ki gani ba, tsaye kike kamar gardi. Ga saƙon mijinki nan bisa taga."

"Ba mijina ba ne, Inna."

"Saura kwana nawa?"

Shuɗiyar takarda ce, an ninke ta huɗu. Ya rubuta: "Habi, na ji ke za ki yi waƙar bikin. Ki yi mai murya biyu, ki nuna musu abin da kika koyo. Ki sa farar rigarki ta Senegal. Ina so kwamanda ya ga irin matar da zan aura." Babu gaisuwa, babu ban haƙuri. Wata takwas ke nan bai taɓa cewa ya yi laifi ba.

Na shiga wajen Kaka. Kaka Mata uwar Baba ce. Ta ƙi ɗakin ƙasa tun da aka gina gidan, tana zaune cikin bukkar tabarmi a ƙuryar tsakar gida, da matashin fata da tukunyar shayinta. Hannayenta sun rine da shunin mayafinta. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba.

Na gaya mata aikin da aka ba ni. Ta ce in lissafa mata.

"Akwai ta maci."

"Ta sojan Anasara? Wannan ta ƙahwahu ce. Wuce."

"Akwai mai murya biyu. Rabin aji su fara, rabi su biyo baya."

"Kowa na magana ba mai saurare. Wa za ya ji abin da kika ce?"

"Babu."

"To mi kike so a ji?"

Ta dube ni, ta zuba shayi daga sama, ta mayar cikin tukunya.

"Da can wajenmu ne," ta ce, "sai in ce a ɗaure turmi da fata a yi tende, mata su zauna, maza su zagaya bisa raƙuma. Amma tende ɗaga namiji takan yi. Kuma da Tamashek ce, rabin garin nan ba su ji. Ba ɗaga shi kike so ba."

"A'a."

"Ta maroƙa kuma ba taki ba ce. Ubanki ba za ya iya hita gari ba in ɗiyatai ta yi roƙo."

"Na yi tunanin waƙar daka."

"Ta matan aure ce, cikin gida. Ba a kama suna. Wanda anka yi dominsa shi ce ba da shi ake ba, shi shige abinai."

"Ni ina so a kama suna."

"To gaɗa ke nan."

Na san gaɗa kamar kowace yarinyar garin nan, na yi ta kafin a ɗauke ni lakwal. Amma Kaka ce ta tuna mini abin da na manta a Senegal. Gaɗa amshi kawai take da shi tsayayye. 'Yan mata su yi da'ira suna tafi suna maimaita amshin, mai bayarwa kuwa tana tsakiya tana zuba abin da ya zo bakinta, yau daban gobe daban. Ba wanda ya taɓa tambayar mai bayarwa abin da za ta faɗa. Abin da aka faɗa a gaɗa kuma babba ba ya kai ƙararsa, don duk namijin da ya je gaban dattawa ya ce 'yan mata sun yi masa waƙa, dariyar ta biyu ta fi ta farko.

"Sai dai mai bayarwa budurwa ce," Kaka ta ce. "Matar aure ba ta shiga."

"Ni fa?"

"Ba kullum suna miki gorin ba ki yi aure ba? To su sunka ba ki izini."

Ta miƙo mini shayin. Ya yi ɗaci, na shanye.

Bayan la'asar na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Wasiƙunsa talatin da ɗaya suna ɗaure da zaren lilo. Na baje su a kan tabarma na karanta ɗaya bayan ɗaya, da jan alƙalamin da nake gyara wa yara kaye. Mutum yakan manta abin da ya rubuta wa wadda ke nesa. Mainassara ya ɗauka Senegal rami ce, abin da ya jefa ba zai dawo ba.

Na ware huɗu. Akwai ta biyar, wadda ya rubuta game da kwamanda kansa, abin da yake sha da rana da sunan da ma'aikatan biro ke kiransa a ɓoye. Wannan ba ta kunya ba ce, ta kora daga aiki ce, wataƙila har da kaso. Na daɗe ina riƙe da ita. Sannan na mayar da ita ƙasan akwati. Ba tausayi ba ne. Ba na son in ƙarar da komai rana ɗaya.

Ta huɗun ita ta tsaya mini a wuya, don sunan Baba ne a ciki. Na ajiye ta, na ɗauka, na ajiye. Uku na farko za su sa a yi masa dariya. Dariya kuwa ba ta mayar da goro. Na sa ta cikin huɗun.

Washegari na rubuta amshin a takarda, Hausa a sama, Faransanci a ƙasa:

Hadari na gabas, 'yan mata mu tafa,
Hadari na gabas, gero zai sha.

Dirakta ya juya takardar yana neman sauran.

"Shi ke nan? Layi biyu?"

"Haka irin wannan waƙar take, Mushe Dirakta. Amshi ne ake rubutawa. Sauran mai bayarwa ce ke ƙarawa a fili, gaisuwa ga baƙi da makamantansu."

"Kamar yadda ake yi a ƙauye."

"Kamar yadda ake yi a ƙauye."

Ya ji daɗi. Ya ce madam za ta so shi.

'Yan mata goma sha ɗaya ne a duk lakwal ɗin, na tattara su. Ban koya musu komai ba sai tsayuwa da lokacin shiga, tafin ma sun fi ni iyawa. A gwaji ina ba da baitocin ruwa da shuka da tsuntsaye. Ba yarinyar da ta san abin da ke cikin akwatina. Ba na son a daki ɗiyar kowa saboda ni.

Ranar Talata Mainassara ya tare ni a hanyar gida, ya sauko daga keke, ƙafa ɗaya a ƙasa. Turarensa ya riga shi isowa.

"Gaɗa," ya ce. "Shekara huɗu a Senegal, ki dawo ki yi gaɗa."

"Ka sa hannu?"

"Na sa. Mi ke ciki da za a hana? Hadari da gero." Ya yi murmushi. "Amma kin ba ni kunya kaɗan. Na gaya wa kwamanda kin iya waƙar Anasara."

"Kana yawan gaya wa mutane abin da na iya."

Ya gane. Ya duba agogonsa.

"Har yanzu maganar nan? Habi, wasa ne. Maza in sun zauna sai sun yi dariya. Bayan Juma'a wa zai ƙara ce miki Mai Teku? Matar tafinta za ki zama."

"Ka ce wa Baba sacewa aka yi."

"To mi kike so in ce wa tsoho?"

Wannan ne karo na farko da ya amsa da bakinsa. Na ce masa sai ranar biki. Ya ce kada in manta farar rigar.

Ranar ta zo da zafi mai nauyi, gabas ta yi baƙi tun hantsi amma ruwan ya ƙi sauka. An kafa rumfar zana a filin lakwal, an jera kujeru shida a gaba. Kwamanda da matarsa a tsakiya, dirakta a gefe, Mainassara tsaye bayan kafaɗar kwamanda inda yake tsayawa kullum. Iyaye maza a dama kan tabarmi, mata a hagu. Na hango Baba cikin baƙin rawaninsa, ya ja shi har bisa hanci, sandarsa kwance a cinya. Mutari da Ɗangoggo suna jingine da kamyo a bakin fili, sun zo kallon Mai Teku.

Farar rigar tana cikin akwati. Na ɗaura zanen saƙi baƙi na Kaka da 'yar riga mai gajeren hannu, an yi mini kitso irin na 'yan mata, ƙafa ba takalmi, awarwaron azurfa biyu a kowane hannu. Inna da ta gan ni a ƙofar gida ta ce, "Haka za ki hita gaban surukanki?" Na ce haka. Wasiƙun huɗu suna soke a ƙugun zane.

Manya suka yi wasansu, aka raba littattafai. Sannan dirakta ya kira ajina.

Yaran suka yi da'ira, na shiga tsakiya. Tafi ya tashi. Mata a hagu suka fara gyara zama, don ba wadda ta taɓa jin gaɗa a filin lakwal. Na ba da baiti biyu na gaisuwa, ɗaya ga baƙi ɗaya ga iyaye. Mainassara ya sunkuya yana fassarawa, madam tana gyaɗa kai tana tafi a inda ba a tafi.

Sai na zaro takarda ta farko na ɗaga sama. Shuɗin ya fito sarai a cikin rana.

Mainassara ɗan biro, ga takardarka a hannuna,
Ka ce in ban ba ka amsa ba kuka kake har safe,
Ka ce matashinka ya jiƙe, uwarka ta shanya a rana.

Hadari na gabas, 'yan mata mu tafa. Yaran suka amsa don amshi aikinsu ne, idanunsu a waje. Dariya ta fara daga wajen mata ta tsallaka wajen maza. Na ji muryar Ɗangoggo sama da ta kowa.

Na zaro ta biyu.

Ka ce Mutari tela ɗinkin buhu ya iya,
Kakinka a Maradi ake ɗinkawa, shi kana ba shi na kwana.

Ta uku.

Ka ce Ɗangoggo ba aboki ba ne,
Kana ajiye shi ne don dariya, kamar biri a kasuwa.

Dariyar fili ta ƙaru, ta bakin kamyo ta mutu. Mutari ya cire hularsa ya mayar. Ɗangoggo ya daina jingina.

Kwamanda ya ɗaga hannu. Tafi ya tsaya. Ya ji sunan tafintansa, ya ga takardar ofishinsa, ya ga gari na dariya, shi kaɗai da matarsa da dirakta ba su san dalili ba. Ya juya ya ce da Faransanci, "Me take cewa?"

Mainassara ya ce, "Wasan yara ne, mon kwamanda. Suna roƙon ruwa."

"Da takardar biro?"

Na matsa taku biyu na riƙe wasiƙun inda kwamanda zai iya miƙo hannu ya karɓa. Da Faransanci suke, da rubutun da yake gani kowace safiya a kan teburinsa. Mainassara ya dubi takardun, ya dube ni. Ya san in ya yi ƙarya a karo na biyu, Anasaran zai karanta da kansa.

"Fassara," kwamanda ya ce. "Da ƙarfi, kamar kullum."

Ya fassara. Bai sha wahalar neman kalma ba, nasa ne, mayar da su kawai ya yi inda suka fito. Kuka har safe. Matashi a rana. Buhu. Biri. Manyan 'yan lakwal da ke jin Faransanci suka yi dariyar a karo na biyu. Madam ta rufe baki da mafici. Dirakta yana share wuya da hankici yana kallona kamar bai taɓa ganina ba.

"An gama?" kwamanda ya tambaye ni. Ya fara jin daɗin abin.

"Saura baiti ɗaya."

"Ci gaba."

Na koma tsakiya. Na yi wa yaran alama, tafi ya dawo, a hankali wannan karon. Ban dubi wajen maza ba.

Ka ce Rhissa buzu ne, warin raƙumi yake,
Ka ce ranar da ka ɗauke ni ka gama taka zaurensa,
In ya zo gidanka a waje zai zauna, kada ya ɓata kujera.

Ba wanda ya yi dariya. Yara uku ne kawai suka yi amshin, su ma suka bari a tsakiya.

Kwamanda ya ce, "Wannan fa?"

Mainassara ya buɗe baki. Kafin ya fara, Baba ya dogara sandarsa ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, amma filin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Yaro, wannan ba sai ka juya ba. Wanda anka yi dominsa ya ji."

Ya karkaɗe rigarsa ya fita ta tsakiyar mutane, suna janye ƙafafu suna ba shi hanya.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Dirakta ya ce in same shi ranar Litinin, kuma in zo da bayani a rubuce. Kwamanda ya tambayi Mainassara takardar biro nawa ya kashe a kan soyayya. Kafin in kai gida, 'yan mata a bakin rijiya sun ɗauki baitin matashi, har sun ƙara masa nasu. Ranar kasuwa zai kai garin Ɗan Gulbi ba tare da na ɗaga yatsa ba.

Inna tana tsakar gida, ta tattara tasoshin ta cusa cikin buhu.

"Kin kashe kanki," ta ce. "Wa za ya aure ki yanzu? Wa za ya rubuta miki ko gaisuwa?"

"Babu. Na huta."

"Kuma ubanki. Gaban gari duka."



Baba ya fito daga ɗakinsa da ƙwaryar goron a hannu, faifan na bisa. Ya kira ƙanensa Intalla daga zaure ya miƙa masa.

"Ka kai musu. Ka ƙirga gabansu, ba a taɓa ko ɗaya ba."

"In sun tambayi dalili, Yaya?"

"Suna filin."

Intalla ya fita. Baba ya tsaya yana kallon inda randa ta yi zobe a ƙasa. Sannan ya juyo gare ni, ya sauke rawanin daga bakinsa, abin da ba ya yi sai zai ci abinci.

"Yaushe ya rubuta wannan?"

"Shekarata ta ƙarshe, Baba."

"Kin riƙe shi shekara guda ba ki hwaɗa mini ba."

"E."

"Da kin hwaɗa mini cikin ɗaki, da ya hi mini sauƙi. Amma da ban yarda ba. Na sani." Ya mayar da rawanin. "Ɗiyata ba ta zama gidan da ubanta ke zama waje. Shi ke nan."

Ya tafi masallaci. Kaka daga bukkarta ta ce a kawo mata garwashi, kamar ba abin da ya faru.

Masu karatu, a nan ya kamata in ce na yi barci mai daɗi. Na samu abin da nake so. Goro ya koma, Juma'a ta zama Juma'a kawai.

Ruwan ya sauko da la'asar, na farko a shekarar. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallon yadda yake cika sawun Baba a tsakar gida, Intalla ya dawo jiƙe, ƙwarya babu, amma da takarda a cikin hularsa.

"Shi ya ba ni da hannunsa," ya ce. "Ya ce ke kaɗai."

Ba shuɗiya ba ce wannan karon. Fara ce, an yago ta daga kaye. Layi uku.

"Wasiƙunki ashirin da bakwai ne. Ashirin da shida na karanta a shagon Mutari. Kin tuna amsar da kika ba ni a kan maganar raƙumi?"

Na tuna. Ta ashirin da bakwai ce, ta ƙarshe kafin in taso. Ban tsawata masa ba a cikinta. Na rubuta masa cewa ya yi gaskiya. Na ce ina jin kunyar ranar da ƙawayena na Senegal za su ga ubana yana dangwala yatsa a tawada don bai iya sa hannu ba. Na ce in mun yi aure mu nemi canji zuwa Yamai, inda ba mai zuwa mana da sanda da rawani. Da hannuna na rubuta, na sa sunana a ƙasa, har na zana fure a gefe.

Daga zaure na ji Baba ya dawo, yana buga takalmansa a bango yana kakkaɓe laka. Ya ɗaga murya ya ce, "Habi, an sa wa raƙuma rumfa?"

"An sa, Baba."

Na shiga ɗaki na jawo akwatin ƙarfe. Na ɗaga farar rigar, na zaro shuɗiyar takardar da na bari a ƙasa, wadda ke da sunan kwamanda a layi na biyu. Na kwafe layi huɗu na farko a bayan takardarsa, kalma da kalma, na rubuta a ƙasa: "Kai ɗaya, ni ɗaya. Ka fara."

Na ninke na ba Intalla. Ya dubi ruwan, ya dube ni.

"Yanzu?"

"Yanzu, Baffa. Kafin Mainassara ya iso zaurenmu."